Alharini Mai Zuba: Abin da Gishiri Ba Zai Gyara Ba

Shawul ɗin ya ci mini wata biyu da 'yan kwanaki. Tun ƙanwata na da ciki wata bakwai na ɗora shi a kwarashi, layi-layi, ja mai duhu irin ruwan zoɓo da fari mai ruwan madara. Zaren alharini ne na gaske, wata 'yar uwa ta taho mini da shi daga tafiya, na adana shi sai abin da ya cancanta ya zo. Saura kwana uku a yi suna a Unguwar Sanusi na lura ƙurar hunturu da maiƙon hannu sun dusashe farin, na ce bari in wanke. Na zuba ruwa mai ɗumi a baho, na barbaɗa garin sabulu kamar yadda nake yi wa kowane wanki, na tsoma shi, na koma kan girki. Ban fi minti ashirin ba na dawo. Ruwan ya rine jawur, fararen layukan sun koma ruwan hoda, kuma ba su ma rine bai ɗaya ba. Duk inda shawul ɗin ya naɗe, jan ya kwanta a kan farin ya bar dabbare-dabbare.

Bakin matan gidan ya zo ɗaya: "Ai da kin sa gishiri." Haka muka taso muna gani. Sabuwar atamfa ko shadda, a jiƙa ta da gishiri kafin wankin farko don kada ta zuba. Ni ma da na tuna, da na sa. Kuma da na sa, babu abin da zai hana.

Muna da wani dattijo maƙwabci da ya yi shekaru a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, cikin mutanen da suka ci moriyar zamanin da ya fara da buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a 1957, lokacin da Kaduna ce cibiyar yadi a Arewa. Na ɗauki shawul ɗin a jiƙe na kai masa. Ya murza zaren tsakanin yatsunsa, ya shinshina, sannan ya ce, "'Yata, da me kika wanke shi?" Na faɗa masa. Ya ce, "To rinin yana ɗaure, sabulun ne ya kwance shi. Maza mayar da shi cikin ruwan sanyi mai yawa, kada ki bari ya bushe, mu yi magana daga baya." Tun daga ranar na fara fahimtar cewa kalmar "zuba" guda ɗaya ce a bakinmu, amma matsalolin da take rufewa sun kai huɗu, kuma maganin wata yana iya zama guba ga wata.

Kafin a je ga rini, sai an tabbatar abin da ke hannu alharini ne. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, duk zare mai santsi da sheƙi "siliki" ake ce masa, kuma ba lallai mai shago yana ha'inci ba, shi ma da wannan sunan ya saro. Da yawa daga ciki reyon ne, wanda ake sarrafawa daga itace, ko foliyesta da akirilik, waɗanda asalinsu man fetur ne, ko kuma auduga da aka gyara ta yi ƙyalli. Gwajin ashana ɗaya ne. Ki yanki zare kamar tsawon yatsa, ki riƙe da tsinke a saman faranti, ki kusanta masa wuta. Alharini yana ci a hankali, yana ƙauri irin na ƙonannen gashi, da kin janye wutar yakan mutu da kansa, ya bar baƙin ƙullutu da ke murmushewa ya zama gari idan kin murza. Reyon da auduga suna ci bal-bal kamar takarda, da ƙaurin takarda, su bar toka mai laushi. Foliyesta narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙonanniyar leda. Duk bayanin da ke tafe na zaren da ya yi ƙaurin gashi ne. Idan naki ya yi ƙaurin takarda, dangin auduga ne, rininsa daban, kuma ruwan tsamin da zan ambata ba zai ɗaure masa komai ba.

Dalilin ƙaurin gashin shi ne alharini ɗan uwan gashi ne da ulu. Furotin ne, wato sinadarin nan da ke gina nama da gashi, tsutsa ce ke fitar da shi daga jikinta ta naɗe kanta da shi. Auduga kuwa tsiro ce. Wannan bambanci shi ne tushen maganar gaba ɗaya, domin yadda rini ke kama abin da ya fito daga dabba ba haka yake kama abin da ya fito daga tsiro ba. Yawancin zaren alharinin da ake rinawa don saƙa, da rinin da masana ke kira rinin asid ake yi, wato rinin da ba ya kamu sai cikin ruwa mai tsami. A jikin silin alharini akwai wasu ƙananan gurabe da ido ba ya gani. Idan ruwa ya yi tsami, guraben nan sukan zama kamar maganaɗisu, su jawo ƙwayoyin rini su riƙe. Zafi kuma shi ke buɗe zaren don rinin ya shige ciki maimakon ya tsaya a baki. Tsami da zafi, su ne igiyar ɗaurin. Idan ruwa ya juya ya koma ɓangaren kanwa, sai maganaɗisun ya mutu, rinin ya saki. A ma'aunin pH, mai auna tsami da kanwa, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa, ruwan khal, wato binega, yana wajen 3, sabulun sanda yana wajen 9 zuwa 10, garin sabulun wanki kuma yakan kai 10 ko ya ɗara. Sabulun salo da muke ganin taushinsa a fata, da toka ake yin sa, shi ma ɓangaren kanwa yake. Idan aka haɗa wannan da ruwan ɗumi, zaren ya buɗe, ɗaurin ya kwance. Abin da ya faru a bahona ke nan.

To ina gishiri ya samo sunansa? Iyayenmu ba su ƙirƙira ba. Wajen rina auduga, gishiri yana da aiki na gaske: shi ke tura rini daga cikin ruwa zuwa jikin yadi a lokacin da ake rinin. Kuma a wasu rinukan auduga, ruwan gishiri yakan rage yawan launin da ke fita a wankin ranar, shi ya sa ido ke ganin kamar ya yi magani. Amma bai ɗaure komai ba, wanki na gaba zubar na nan. A kan alharini da ulu kuwa, aikinsa ya ma saɓa. Masu rini a masana'anta sukan zuba wani nau'in gishiri ne idan suna son rinin asid ya sassauta kamu, ya yi yawo ya bazu daidai a jikin zare. Abin da ke sa rini yawo ba shi za a kira ba ranar da ake son ya zauna wuri ɗaya.

Matsala ta farko, kuma wadda ta fi yawa, ita ce rarar rini. Guraben da ke jikin alharini ba su kai rabin na ulu ba, don haka yana saurin ƙoshi. Mai rini da ke neman baƙi wuluk, ko ja jawur, ko shuɗi mai duhu, dole ya zuba rini da yawa, kuma wani kaso ba zai samu wurin zama ba, sai ya maƙale a saman zaren. Idan ba a ɗauraye shi sosai kafin a naɗe a sayar ba, a bahonki zai fita. Wannan ba ciwo ba ne. Alamarsa ita ce duk canjin ruwa launin na raguwa, ruwa na huɗu ko na biyar ya kusa yin garau, kuma kayan da kansa bai koɗe ba. Maganinsa haƙuri da ruwa. Launukan da suka fi yin haka su ne ja, da jan da ya karkata zuwa shunayya, da shuɗi mai ruwan kore, da baƙi.

Ta biyu ta fi nauyi: rinin bai ɗauru ba tun farko. Ko tsamin bai isa ba, ko wutar ba ta kai ba, ko an sauke tukunya da wuri. Alamarsa, ki canza ruwa sau shida, sau takwas, yana nan yana fita da ƙarfinsa, kayan kuma yana ƙara haske a idonki. A nan ci gaba da ɗauraya asara ce, launin kike zubarwa a kwata. Abin yi shi ne a ƙarasa aikin da mai rini ya bari.

Ga yadda dattijon ya koya mini, kuma na yi shi sau da dama tun daga lokacin. A nemi tukunyar ƙarfe mara tsatsa ko kwano mai rufin tangaran irin su samira, ban da tukunyar dalma, domin tsami na cin ta, kuma wadda ba za a sake girki da ita ba. Ga kayan da nauyinsa ya kai giram 100, a zuba ruwan sanyi lita uku zuwa huɗu, yadda zai yi iyo ba a takure ba, da cokali uku na cin abinci na farin ruwan khal, wanda wasu ke kira binega. Fari nake nufi, ba na tuffa mai ruwan ƙasa ba. Idan babu, ƙaramin cokali ɗaya na garin sitirik asid da masu haɗa lemo ke saya ya wadatar. A tsoma kayan ya jiƙu na minti goma, sannan a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Ana son zafin ya hau sannu a hankali zuwa digiri 80 ko 85, ya tsaya nan minti ashirin zuwa talatin. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta lura da ruwan: tururi na tashi, ƙananan kumfa sun manne a gindin tukunya, amma bai fara ɓararraka ba. Da ya nemi tafasa a rage wuta, domin tafasa na kashe sheƙin alharini, kuma sheƙin da ya tafi ba ya dawowa. A riƙa juya kayan a hankali da muciya mai santsi jefi-jefi. Abin sha'awa, idan aikin yana ci, za ki ga ruwan da ya rine yana washewa, zaren yana shanye launinsa. Sannan a kashe wuta a bar shi ya huce a cikin tukunyar, ko da zai kwana. Wannan hucewar rabin aikin ce, kuma a nan mafi yawan mutane ke gaggawa.

Sai dai gargaɗi babba: wannan na kaya mai launi ɗaya ne. Idan saƙar ta haɗa duhu da haske, tsami da zafi ba su san layi ba. Duk rinin da ke yawo a ruwan za su ɗaure shi a kan farin, ɗauri na har abada. Har ma wajen ɗauraya, ba na sa khal a ruwan farko idan akwai fari a jikin kayan. Sai ruwan ya washe tukuna, sannan cokali ɗaya a lita ɗaya a ɗaurayar ƙarshe, don ya kashe sauran sabulu ya dawo wa zaren da santsinsa.

Matsala ta uku ita ce tawa, wato mu da kanmu mu kwance rini da irin wankinmu. Banda kanwar da ke cikin garin sabulu, da yawa daga cikin sabulan zamani na ɗauke da sinadaran da aka sa don su narkar da tabon jini da ƙwai da miya. Waɗannan tabo furotin ne, alharini ma furotin ne, sinadarin kuma bai san bambanci ba. Man wanke gashi mai sauƙi, irin na jarirai, shi ya fi dacewa, ɗigo kaɗan a baho cike da ruwan sanyi. Kada jiƙon ya wuce minti uku zuwa biyar, kuma hannu na ciki yana motsa kayan a hankali, domin rini ya fi kama fari a inda kaya ya kwanta shiru ya haɗa jiki. Ba a cuɗa alharini, ba a dirza shi, ba a murɗe shi. Idan ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, kuma dirza na tsattsage ƙananan silinsa, su miƙe su bar wani fari-fari kamar an barbaɗa gari. Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin koɗewa, su ɗora wa rini laifi, alhali rauni ne a jikin zaren, kuma ba ya gyaruwa.

Ruwan ma abin dubawa ne. Ruwan famfo idan warin kulorin ya yi ƙarfi, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ke barin jan tsatsa a gindin bokiti zai iya sa wa farin alharini ruwan ɗorawa. Da damina, ruwan sama da aka tara bayan rufin ya wanku ya fi su duka.

Ta huɗu daban take, domin a cikinta rinin ne da kansa haka halinsa yake. Mafi kusa da mu shi ne baba. Shunin baba ba ya ɗaurewa da zare ta hanyar maganaɗisun da na faɗa. Ana narkar da shi ne a cikin karofi, ya shiga zare, iska ta buge shi ya koma ƙwayoyin da ruwa ba ya narkarwa, su maƙale a ciki da waje. Na wajen su ne ke gogewa a fata da farar riga. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun san wannan tun kaka da kakanni, kuma turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, shunin da yake bari a fuska yana cikin abin da ke ba shi daraja. Don haka idan kin saƙa da zaren da aka tsoma a baba, ko alharinin waje ne ko namu na tsamiya, wanda tsutsar daji ke yi kuma maɗinkan Zariya ke ƙawata manyan riguna da shi, tukunyar khal ba za ta ɗaure shi ba. Khal zai dai kashe kaifin tokar karofi da ta rage a jikin zaren. Sauran sai wanki shi kaɗai, sau da yawa, har gogewar ta ragu.

A wannan rukuni akwai kuma wasu rinukan zamani masu ɗaukar ido. Alaƙarmu da jan alharini tsohuwa ce. A da, ta hamada ayari ke kawo shi daga Tarabulus ta Libiya a rine, kuma Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa a Kano a 1851. Shekara biyar bayan haka, a 1856, wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya gano rinin farko da aka haɗa daga sinadaran kwal, mai ruwan shunayya, kuma a kan alharini ya fara nuna kyansa. Dangin wannan rini suna ba da launi mai walƙiya da babu kamarsa, amma ba su da juriyar ruwa da rana. Har yau ana amfani da su a kan zare mai araha, musamman ruwan hoda mai ƙuna da kore shar da shunayya mai ƙyalli. Idan kin yi aikin tukunya daidai har sau biyu zubar ba ta tsaya ba, wataƙila irinsu ne. Abin da ya rage shi ne a san zaman da za a yi da kayan: wanki shi kaɗai, da ruwan sanyi, cikin hanzari, kuma kada a haɗa zaren da fari a saƙa ɗaya.

Wanki ba shi kaɗai ke jawo zuba ba, kuma a garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zufa na motsa rini, shi ya sa abin wuya ko mayafin saƙa ke ɓata wuyan farar riga a watan Afrilu ba tare da ya ga baho ba. Turaren fesawa ya fi zufa ɓarna, saboda sinadarin da ke sa shi saurin bushewa yana narkar da rini nan take, ya bar zobe mai duhun baki. Humra kuma ga maiƙo. A shafa a jiki, a bari ya bushe, sannan a yafa. Hayaƙin turaren wuta daga nesa bai cika yin illa ba, muddin kayan a bushe yake.

Idan mai afkuwa ta riga ta afku, jan ya hau fari, lokaci shi ne komai. Rinin da ya sauka a ruwan sanyi ko mai ɗumi bai ɗauru ba tukuna, zaune kawai yake. Bushewa da dutsen guga su ke zaunar da shi. A mayar da kayan cikin ruwa mai yawa, mafi girman baho da ke gidan, da ɗigon man wanke gashi ko na wanke kwanuka, ana motsawa ana canza ruwa da zarar ya rine. Akwai wasu fararen takardu da ake sayarwa a manyan kantuna, masu zuƙe rinin da ke yawo a ruwa, idan an samu suna taimakawa. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne bilic. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ba tabon kaɗai zai ci ba, zaren zai mayar ruwan ɗorawa sannan ya narkar da shi. Wanda ke shakka ya jefa guntun alharini a murfin kwalba da bilic ya dawo bayan awa ɗaya. Haka kuma mai niyyar kai kayan wurin marina a sake masa launi, ta tambaya da kyau. Rinin shadda na zamani da soda mai ƙuna da wani sinadari da marina ke kira haidiro ake haɗa shi, auduga na jurewa, alharini kuwa soda na cinye shi. A faɗa wa marini ƙarara cewa alharini ne, a ji ko yana da rinin da ake yi da tsami.

Shanya ma wani mataki ne da ake yin asara a cikinsa bayan an tsira a baho. Saƙar alharini idan ta sha ruwa tana nauyi, idan aka rataye ta a igiya za ta zazzago ta yi tsawo, kuma ruwan da ke gangarowa zai ja rini daga layin sama zuwa na ƙasa. A shimfiɗa ta a kan tsohon farin tawul, a naɗe kamar tabarma, a danna ruwan ya fita, a canza tawul, sannan a baje ta a kwance a inuwa, babu inda ta ninku. Rana na raunana alharini, tana koɗar da rini. Da hunturu cikin ɗaki ya fi, saboda ƙura, kuma bushewar ba ta da wuya. A watan Agusta ne ake shan wahala, kaya ya yini ya kwana da danshi, rini na rarrafe a hankali zuwa maƙwabcinsa. Lokacin sai an haɗa da fanka.

Ni dai a ganina, mafi yawan wannan baƙin ciki a kan zare ya kamata a tare shi, tun bai zama riga ba. Tun ran gini tun ran zane. Yanzu duk zaren da ya shigo hannuna, sai na yanki taku ɗaya daga kowane launi, na tufka shi da farin zare, na jefa a kofin gilashi da ruwa mai ɗumi da ɗigon man wanke gashi na rabin awa. Sannan na goga busasshen zaren a kan farin ƙyalle sau goma, na sake gogawa a kan jiƙaƙƙe. A ɗakunan gwaji na masaƙu ma kusan haka ake yi, sai dai su suna ba da maki daga 1 zuwa 5, inda 5 ke nufin ko kaɗan bai ɓata ba. Idan zaren ya nuna hali, na warware curin na naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, na ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu don kada ya harɗe, na yi masa aikin tukunya shi kaɗai. Yini ɗaya ne, a kan saƙar da za ta ci wata biyu. Mai saƙa don sayarwa kuma hakki ne a kanta ta yi wannan, ta kuma faɗa wa mai saye yadda zai wanke, ko da a 'yar takarda ce. Hular jariri da safarsa sun fi komai buƙatar haka, tunda a baki suke ƙarewa.

Shawul ɗina ya sha ruwa tara a wannan yammacin. Dabbare-dabbaren sun dusashe ƙwarai, amma farin bai koma fari ba, musamman layuka biyu na tsakiya. Da na koma wurin dattijon, ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Farin ya tafi, kada ki bi shi. Ki ba shi launin da ya nema, amma ya zama daidai." Ya aike ni shagon masu kayan kek in sayo jar kalar abinci. Ban san cewa yawancin kalolin abinci na kwalba dangin rinin asid ba ne sai ranar. Ba su kai rinin masana'anta juriyar rana ba, amma suna kama alharini da ulu da tsami da zafi kamar yadda ya kamata. Muka narkar da 'yan ɗigo a ruwa lita huɗu, muka tsoma shawul ɗin a jiƙe, ina juyawa, sai da ruwan ya yi ɗumi ya ce, "Yanzu zuba khal ɗin, kaɗan-kaɗan, ba a kansa ba, a gefe." Wannan karon da gangan muka bar jan da ke yawo ya hau farin. Bayan rabin awa ruwan ya washe, muka kashe wuta, ya kwana a tukunya. Da safe na ɗauraye shi ruwa biyu, na biyun garau. Layukan madarar sun zama ruwan hoda mai taushi, bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, jan kuma yana nan da duhunsa. Ya bushe a kan gado ƙarƙashin fanka, kuma a cikinsa aka miƙo jaririyar ranar suna.